Usta Mitwalli da Abin Maƙale Shanya

Shagona na guga yana kallon ƙofar gidan Usta Mitwalli ne kai tsaye, a wani lungu na Dumyat, don haka ko ina so ko ba na so, duk abin da ya shiga gidan nan ko ya fita sai ya bi ta idona. Sunana Bayyumi. Tare muka yi ƙuruciya da shi, malami ɗaya ya zane mu, sannan kowa ya kama hanyarsa. A garinmu idan mutum ba katako yake taɓawa ba, to cuku yake yi ko kamun kifi, ko kuwa irina ne mai gyara musu tufafi. Mitwalli katako ya bi, ya kuma yi nisa, har ake kiransa Usta, wato babban gwani.

Masassaƙi ne, ba kafinta ba, kuma in kana son ka ɓata masa yini to ka ce duk ɗaya ne. Kafinta shi ke haɗa gado, Mitwalli kuwa shi ke fitar da furanni a allon gadon. Na sha tsayawa ina kallonsa yana aiki. Sai ya ɗora ƙarfen sassaƙa a kan busasshen katako, ya ɗan karkata kai, ya yi ta bugawa a hankali, kafin ka ankara fure ya buɗe da ganyensa, har ka ji kamar ka sunkuya ka shinshina. Iyayen amare daga Mansura da Alƙahira sukan ce su gadon Mitwalli suke so, ko a bari. Shi ma ya san haka. Duk Alhamis yakan aiko mini da farar jallabiyarsa, in kuwa ya ga layi ɗaya ya karkace sai ya dawo da ita da kansa.

"Bayyumi, wannan guga ka yi, ko zama ka yi a kai?"

"Usta, masallaci za ka je ko ɗaurin aurenka?"

"Ko ina za ni, ba dai zan je a yamutse kamar kai ba."

Haka muke tun muna yara.

Abin ya faru ne a shekarar da mai shagon da yake aiki ya sayo zarton lantarki. Yankan katako ba aikin Mitwalli ba ne. Mai yankan ne bai zo ba ranar, shi kuma yana saurin gama wani allon gado, sai ya ce bari ya yanka da kansa. Ina cikin hura gawayin dutsen guga na ga an wuce da shi a guje a kan amalanke, an naɗe hannunsa na dama da riga. Da ya dawo daga asibiti, babban yatsa da ƙaramin kawai suka rage masa a hannun. Ukun tsakiya sun tafi.

Raunin ya warke, mutumin ne ya ƙi warkewa. Ya gwada riƙe ƙarfen sassaƙa, ya suɓuce. Ya ɗaure shi a hannu da tsumma, furen ya fito kamar akuya ce ta tauna shi. Mai shagon, mutumin kirki, ya ce ya dawo ya riƙa duba aikin sauran masassaƙa.

Ya ce, "In zauna ina kallon wasu suna cin mutuncin katako? Na gode."

Daga nan ya mayar da shagona wurin zama. Da safe ya tsallako, ya zauna a kan bencin da ke bakin ƙofa, ya cusa hannun daman cikin hannun riga, shi ke nan sai azahar. In an yi masa sallama ya amsa da ka. Farar jallabiyar ma ya daina aikowa. Na yi ta tsokanarsa ko zai tanka, na ce masa har kyanwar lungu ta fi shi hira, ko kallona bai yi ba. Wannan shi ya tsorata ni.

Matarsa Nabawiya, wadda muke kira Ummu Sabri da sunan ɗansu na fari, kamar yadda shi ma ake ce masa Abu Sabri, gajeruwar mace ce mai ƙarfin damtse, muryarta kuwa ana ji daga bakin kogi. Ta ba shi lokaci, ta ga lokacin ba ya ƙarewa. Da zafi ya shigo, mutanen Alƙahira suka fara tururuwa zuwa Ras al-Barr shan iskar teku, sai ta je ta samo aikin wanki a wani masaukin baƙi a can. Ranar da ta gaya masa, a gabana aka yi.

"Matar Usta Mitwalli ce za ta wanke tawul ɗin baƙi?"

"Matar Usta Mitwalli tana da yara biyu, Abu Sabri, kuma kowanne da bakinsa."

Ta kuwa kama aikin. Kullum da sassafe ta fita ta hau mota, da la'asar ta dawo hannayenta sun yi fari fat saboda sabulu.

Wata la'asar ta dawo ba ta shiga gida ba, ta yo shagona kai tsaye da ƙullin kaya a ka da kwando a hannu. Ta warware wani farin zanin gado a kan teburina. Duk gefensa jajayen ɗige-ɗige ne na tsatsa, bibbiyu, a jere.

"Bayyumi, wannan zai fita?"

Na ce, "Lemun tsami da gishiri, a sa a rana. Wani zai fita, wani sai haƙuri. Me ya yi haka?"

"Me kuwa, in ba waɗannan 'yan banzan ba?"

Ta juye kwandon a ƙasa, daidai ƙafafun mijinta. Mashbak ne, 'yan itatuwan nan masu baki biyu da murɗaɗɗiyar waya a tsakiya, da ake maƙale kaya da su a igiyar shanya. Irin na kanti ne. Iskar teku ta cinye wayar, wasu sun rabu biyu, sauran duk sun yi ja.

Ta ce, "In sabo ne, sati biyu ya yi tsatsa ya ɓata mini kaya. In na bar kayan ba maƙali, iska ta kwashe. Jiya da ƙafata na bi rigar matashin kai har cikin ruwa, baƙi suna tafa mini. Yau matar nan mai masauki ta ce in an sake, in nemi wani wurin." Sai ta juya ga Mitwalli. "Kai da ke mayar da katako fure, ba za ka iya yi mini abin da zai riƙe zani ba?"

Karon farko cikin watanni na ga idonsa ya kawo wuta.

"Ni? Ni zan yi mashbak? Hannun da ya yi gadajen amare shi zai koma feƙe tsinke?"

"Wane hannun? Wanda ke barci a cikin riga?"

Na sunkuyar da kai na ci gaba da guga kamar ba na nan. Ya tashi ya shige gida, ita kuma ta durƙusa ta kwashe kayanta.

Washegari Juma'a, ba ta zuwa aiki. Da hantsi yana zaune a bencina, sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga tsallaken lungu. Nabawiya ce zaune a bakin ƙofarsu, ta ɗora guntun katako a kan dutsen dokin ƙofa, tana dukan ƙarfen sassaƙarsa da taɓaryar turmi. Ba kowane ƙarfe ba, wanda ya fi so, wanda ya gada wajen mai gidansa na farko. In ta buga sau biyu a katako, na uku sai bakin ƙarfen ya zame ya sari dutse. Kowace sara sai na ga kafaɗar Mitwalli ta motsa. Ya daure, ya daure, can ya miƙe.

"Ummu Sabri! Ki ji tsoron Allah! Ƙarfen nan ya girme ki!"

"To ya zan yi? Masassaƙin unguwar ya yi ritaya."

"A kan dutse? Da taɓarya? Kawo nan!"

Ya fizge da hannun hagu, ya duba bakin ƙarfen kamar mai duba jaririn da ya faɗi, ya shiga gida yana surutu. Ba a jima ba na ji ƙarar dutsen washi. Daga baya na tambaye ta ko da gangan ta zauna inda zai gan ta. Ta ce ita haske take nema.

Ya ce sau ɗaya zai yi, don a bar masa ƙarfensa lafiya. Ya fara da irin na kakanninmu. Ni da shi duk mun tuna lokacin da mata ke shimfiɗa wanki a bakin kogi su danne da duwatsu, ko su murɗe igiya biyu wuri ɗaya su cusa gefen zani a tsakani, ko su tsaga kara su soka a kan igiya. Sai ya sassaƙa itace guda mai tsaga a tsakiya, babu waya ko kaɗan. Da hagu ya yi, ya danne katakon da gwiwa, ya yanke kansa ya fi a ƙirga. Nabawiya ta tafi da su, ta dawo da rabi.

"In tawul ne mai kauri, ya tsage. In mayafi ne, ya zame. Sai zanin gado kawai yake riƙewa, shi ma in iska ta ga dama."

"Ke ce ba ki iya sakawa ba."

"Ni da nake shanya tun kana cin ƙasa?"

Na ce a raina yanzu zai yi fushi ya watsar. Bai watsar ba. Washegari ya zo shagona da ɗaya daga cikin tsofaffin na kanti, ya kwance shi, ya jera guntayen a kan bencina yana ta kallo. Hannun daman a waje yake, yana danne itacen da babban yatsa, bai ma lura ba. Na gaya masa na taɓa ji a rediyo cewa wani mutumin Amurka ne ya fara yin mai waya, fiye da shekara ɗari da suka wuce.

Ya ce, "Bawan Allahn nan yana da kai, ka ga yadda baki ke buɗewa daidai kaurin abin da aka ba shi? Amma na rantse bai taɓa kwana a bakin teku ba."

Sai ya koma itace biyu, ya nemo wayar jan ƙarfe wajen masu ƙera jiragen ruwa, tunda ita ba ta tsatsa. Ya ce yana bukatar farin kaya na gwaji. Na ce ban da kayan mutane. Ina juya baya ya ɗauke jallabiyata ta Juma'a, ya jiƙa ta da ruwan gishiri, ya shanya a saman benensu. Bayan kwanaki ya dawo mini da ita, kafaɗu biyu sun yi tabo kore shar.

"Bayyumi, albishirinka. Babu tsatsa."

"Allah ya isa, Mitwalli! Wannan fa?"

"Ai kore ya fi dacewa da kai. A farin, kama da gawa kake yi."

Ya tuntsire da dariya. Na so in yi fushi, amma rabon da in ji dariyar nan tun kafin zarto, sai na bar masa jallabiyar ya ci gaba da gwaji.

Mafita a wajen mai faci ta fito. Tayar keken da nake kai wa mutane kayan guga ta yi faci, ya raka ni don ya miƙe ƙafa. Muna tsaye, mai facin ya ɗauko tsohon tiyub ya yanko zobe da almakashi, ya ɗaure bakin famfonsa da ya tsage. Mitwalli ya ƙura wa zoben ido. Ya ɗauki ɗaya a ƙasa, ya saƙala a yatsunsa biyu, ya ja, ya saki, ya sake ja.

"Malam, tsofaffin nan me kake yi da su?"

"Zubarwa, Usta."

"Daga yau ka daina."

Ko jiran keke bai yi ba, ya bar ni a nan.

Abin da ya fito da shi ba shi da wani kyan gani. Itace biyu ne na guntayen katakon kujera, da ɗan mulmulallen itace kwance a tsakaninsu, sai zoben tiyub da aka naɗa sau biyu kusa da baki. Babu ƙarfe ko ɗaya. Wutsiyar kuwa ya yi ta da faɗi, ta fi ta kanti nesa ba kusa ba. Na tambaye shi dalili.

"In ni ba zan iya buɗe abin da na yi ba, me na yi ke nan?"

Ya matsa da babban yatsa da ƙaramin, bakin ya buɗe. Ya maƙala mini a kunne.

Ranar da za a gwada, ya ce zai bi Nabawiya Ras al-Barr, don kada ta sake saka su a karkace ta ce laifinsa ne. Ni ma na rufe shago na bi su, ban yarda a ba ni labari ba. Muka taki sa'a, iska tana kaɗawa kamar an aiko ta. A bayan masaukin aka ja igiyoyi, Nabawiya tana ɗaga jiƙaƙƙen zani, shi yana bi yana maƙalawa, a gaban ma'aikata da baƙin da ke leƙowa ta taga, hannun a fili kowa yana gani. Zannuwan suka cika da iska suna bugawa fat, fat, igiya tana rawa. Muka zauna a inuwa muna cin burodi da cuku da tumatir, idon kowa a sama. Har kayan suka bushe, ko ɗaya bai tashi ba.

Nabawiya ta sauke zani na farko, ta duba gefensa ciki da waje, ta miƙa mini, ni ma na duba. Fari tas.

Ta ce, "Ba laifi."

"Ba laifi? Abin da za ki ce ke nan?"

"To me kake so, in yi guɗa?"

Sai kuwa ta yi. Mai masauki ta fito a guje ta ɗauka haihuwa aka yi.

Daga masaukin nan abin ya bazu. Masu wankin sauran masaukai suka ce a yi musu, matan masunta na tsallaken kogi suka aiko. Tsofaffin mata da sanyin ƙashi ya kama wa yatsu su suka fi kowa so, saboda ko da tafin hannu ana iya matsa shi. Aibinsa ɗaya, rana tana cinye zoben bayan an kwana biyu, sai ya riƙa haɗa wa kowa da 'yan zobba na canji. Ya ƙera wa kansa abin matse katako da ake takawa da ƙafa, hagunsa kuma ta koyi aiki.

Amma kunya ba ta sake shi ba. Nabawiya ce ke fita da kaya, shi yana ciki. In zai wuce ta gaban shagon shayin da masassaƙa ke zama, sai ya canza hanya, don ya ji an fara kiransa Usta Mashbak.

Su ne ma suka warkar da shi, ba da niyya ba. Wata rana wani baƙo daga Alƙahira, da kwat da jaka, ya tsaya a shagon shayin ya tambayi inda zai sami mushabbak mai kyau, soyayyen zaƙin nan na garinmu da kowa ke kai wa iyalinsa tsaraba. 'Yan tsiyar suka haɗa ido, suka kwatanta masa gidan Mitwalli, suka ce duk Dumyat babu kamar nasa. Wasunsu har suka biyo shi a baya suka laɓe a bakin lungu. Ina kallo mutumin ya ƙwanƙwasa.

"An ce kai ne gwanin mushabbak. Ina son mai zuma sosai."

Mitwalli ya dube shi, ya hango kawunan da ke leƙowa daga kwana. Na ga fuskarsa ta canza, na ajiye dutsen guga don na san za a yi rigima. Ya shiga ciki. Sai ga shi ya fito da tire, an jera mashbak a kai reras kamar kayan biki.

"Ga shi, ranka ya daɗe. Yana da ɗan tauri, amma ba ya sa ciwon haƙori, kuma ba ya lalacewa a hanya."

Baƙon ya yi sororo, sai ya gane, ya fashe da dariya. Ya ɗauki ɗaya ya matsa, ya sake matsawa. Ya ce matarsa kullum faɗa take da maƙwabtan ƙasa, saboda kayansu suna faɗawa barandarsu daga hawa na biyar. Ya sayi na tiren duka, Mitwalli kuma ya raka shi da kansa har shagon mai mushabbak na gaskiya. A hanyar dawowa ya tsaya a shagon shayin, ya ja kujera a tsakiyarsu ya zauna, ya ɗora hannun a kan tebur.

"Shayi ɗaya, kuma su za su biya. Gobe ku sake turo mini wani."

Tun daga ranar ya karɓi sunan. Shi da kansa ya sassaƙa shi a allo ya kafa a ƙofar gida.

A Dumyat ba Mitwalli kaɗai zarto ya taɓa ba. In ka shiga masallaci ka dubi hannayen da aka ɗaga, za ka gani. Wanda ya fara zuwa shi ne Shahata, tsohon mai yankan katako da ya rasa babban yatsa, yana sayar da gyaɗa a tasha. Bayansa Girgis ya zo, wanda injin goge katako ya ci masa rabin tafi. Mitwalli bai yi wa kowa wa'azi ba. Yakan dubi hannun mutum ne kawai, ya juya shi, ya ce, "Wannan zai iya naɗa zobe," ko "Wannan sai samfefa," sannan ya ƙera masa abin riƙewa daidai abin da ya rage masa. Suka cika zauren gidan, har suka kama ɗakin da ke jikin shagona. Masu shagunan kujeru suka riƙa aiko musu da guntayen katako a buhu maimakon su kai gidan burodi a ƙona. Hirarsu kuwa, wanda ba nasu ba ba ya iya sa baki.

"Girgis, miƙo mini hannu."

"Sauran ke nan, kai ma so kake?"

Haka aka yi shekaru. Sabri ya gama makaranta ya tafi aiki ƙasar waje, ƙanwarsa Awatif ta girma, ta zama ita ke zuwa Mansura da Fur Sa'id da kaya. Nabawiya ta daina wankin masauki, ba don an hana ta ba, sai don ta ce ta gaji.

Sai mashbak na roba suka shigo kasuwa, ja da shuɗi da rawaya, a cikin leda, arha kamar kyauta. Mata suka yi caa a kansu, kuma ban ga laifinsu ba. Mitwalli ya aiki Awatif ta sayo masa leda ɗaya, ya zauna a bencina yana jujjuyawa.

Na ce, "Shara ce, Usta. Rana ɗaya za su karye."

"Kada ka yi mini ƙarya don ka faranta mini. Wanda ya yi wannan ba wawa ba ne. Dubi nan, ya yi wa yatsa wurin zama."

Ciniki ya faɗi warwas. Girgis ya koma wajen ɗansa a Iskandariyya, wasu biyu suka nemi wani aikin. Na ji tsoron kada ya koma gidan jiya, na fara lura da hannun rigarsa. Amma wannan karon bai zauna ba. Ya bi gidaje da kansa, ya hau benaye yana haki, yana tambayar mata abin da na roba ba ya iya riƙewa. Suka ce bargo, da darduma, da labule in ya jiƙe. Sai ya koma yin manya, masu tsawon tafin hannu, da zoben tiyub ɗin babur. Masunta suka saya don rumfar jiragensu. Wani kafinta kuma ya gano cewa in ya manna siririn katako da gam, babu abin da ke riƙe masa shi har ya bushe kamar mashbak ɗin Usta, kuma ba ya barin tabo. Yanzu rabin abin da suke yi shagunan kujeru yake tafiya. Ba a koma kamar da ba, amma ɗakin bai taɓa rufewa ba. Awatif ce ke riƙe da shi, Shahata yana nan, da wasu sababbi uku.

Yanzu duk mun tsufa. Ni ɗana ke guga da dutsen guga na lantarki, ni sai surutu. Nabawiya gwiwoyinta sun hana ta hawa bene, kuma ta ce duk duniya babu wanda ya iya shanya sai ita. Awatif ta yi, ta ce an karkace. Mitwalli ya yi, ta ce ya haɗa fari da mai zuba. Ranar wanki gidan nan ba ya zaunuwa.

Makon jiya ya tsallako da guduma a hagu, da wasu ƙafafun katako biyu masu juyawa kamar na amalanke, masu kwari a tsakiya, da ya mulmula, da doguwar igiya a kafaɗa. Ya tsaya yana auna bangon shagona da ido.

"Lafiya, Usta?"

"Ƙugiya zan kafa a nan. Ƙafa ɗaya a bangonka, ɗaya a tagarmu, igiya tana zagayawa. Tana zaune a kujera za ta maƙala, ta ja, kaya su tafi, ta sake maƙalawa."

"Wato wandunanka za su riƙa lilo a saman shagona?"

"Talla ce kyauta. Mutane su ga yamutsattsen kaya, su tuna da kai."

"In ƙafar ta maƙale fa?"

"Za ta maƙale. Ta farko kullum sai ta maƙale. Riƙe mini tsani."

Nabawiya ta leƙo ta taga ta ce kada a bar tsoho ya hau, a kira ɗana. Ya ce ba ya jin ta, iska ta yi yawa. Na riƙe tsanin, ya hau da ƙusa a baki. Igiyar ta maƙale kamar yadda ya ce, sau biyu ma, ya sauko ya ƙara wa ƙafar kwari. Jiya da hantsi na ga farin zanin gado ya fito daga tagarsu a hankali, yana tafiya shi kaɗai a saman lungu, mutane suna ɗaga kai. Daga ciki ina jin muryarta tana cewa igiyar ta yi sako-sako, shi kuma yana cewa ta bari ya gama shayinsa.